Garwashi a Cikin Kasko

Akwai wani mutum, autan gidansu, wanda ya yi shekaru yana yawon duniya, sa'an nan ya komo wurin mahaifiyarsa. Mutum ne mai zafin nama, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko tuwo ma a tsaye yake ci.

Wata rana da damina aka kwana ana ruwa, aka wayi gari ana yi, har wuta ta mutu a kowane murhu na unguwar da ke ƙetaren fadama. A ƙasar nan, idan wutarka ta mutu, gidan maƙwabci kake zuwa ka ɗebo. To, ga shi ta maƙwabtan ma ta mutu. A ƙetaren kuwa gidan wan autan nan yake, matar wan ta haihu da safe, wan kuma ya tafi kai wa surukai albishir.

Ungozoma ta fito bakin fadama, ta ɗaga murya ta ce, "Mai jego tana rawar sanyi. Ba ruwan wanka, ba kunu. Ku kawo mana wuta."

Auta ya yi wuf ya zaro busasshiyar ciyawa daga rufin rumbu, ya ɗaure damin da ya kusa kai shi tsawo, ya cinna masa wuta a murhun uwarsa. Wuta ta tashi bal-bal, har kaji suka watse. Ya ruga da ita yana murna, duk wanda ya hango shi sai ya ce lalle yaron nan ya dawo da ƙarfinsa. Kafin ya kai tsakiyar fadama ciyawa ta cinye. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, ba kome a hannunsa sai baƙin toka.

Ya koma ya ɗaura wani damin da ya fi na fari. Wannan karon iska ce ta kashe.

Da ya sāke miƙa hannu ga rumbu, uwar ta yi dariya ta ce, "Auta, in ka gama da rumbun sai ka hau ɗakina? Zo nan."

Ta ɗauko wani kasko, ragowar tsohuwar tukunya, ta sa garwashi a ciki, ta yayyafa toka a kai.

Ya leƙa ya ce, "Inna, wannan ɗan abin? Ko haske ba ya yi."

Ta ce, "Haske aka ce maka suna nema? Riƙe da hannu biyu. Kuma yau dai ka koyi tafiya irin ta mutane."

Ya kama hanya a hankali, ƙafa tana ƙaiƙayin gudu, yana jin ɗumin kaskon a tafin hannunsa. Da ya isa, ungozoma ta karɓa, ta ture tokar, ta jera ƙirare, ta durƙusa ta hura. Sai wuta ta kama. Aka ɗora tukunya, ɗaki ya yi ɗumi, mai jego ta yi wanka ta sha kununta, jariri ya yi barci. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa da kaskonsa. Da Auta zai koma gida ya waiwaya, sai ga hayaƙi yana tashi daga kowane gida na unguwar. Ya yi ta dariya shi kaɗai a cikin fadama.

Ma'anar wannan misali ita ce: wutar nan Maganar Allah ce. Damin ciyawa shi ne wa'azin manyan kalmomi da ɗaga murya. Yakan yi haske a cikin majami'a, kowa ya ce amin, amma ku tambayi mutum a bakin ƙofar gidansa abin da aka faɗa, sai ya sosa ƙeya. Kaskon kuwa labari ne. Shi ya sa Ubangijinmu Yesu yakan koyar da taro da misalai. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba za ta iya ɗaukar labarin makiyayin da ya tafi neman tunkiyarsa da ta ɓata, ta kai wa jikokinta, ba abin da ya zube a hanya.

Saboda haka, masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, kada ku rena kasko don ba ya walƙiya. Ku ba da labarin Littafi Mai Tsarki a hankali, yadda yake, kada ku yi gudu da shi. Ku kuma masu ji, akwai wani a unguwarku wanda murhunsa ya yi sanyi, bai iya zuwa nan yau ba. Labarin da kuka ji, ku riƙe shi da hannu biyu. Idan kun isa, ku durƙusa ku hura.