Janaretan Mai Gwajin Hayaki

Wani jami'in gwajin hayaki ne ya tare Tanimu direba, motarsa cike da tumatir.

Ya ce, "Doka ce. Duk injin da na'urar nan ta kama da hayaki, komai ƙanƙantarsa, a kashe shi ya kwana nan."

Tanimu ya tuna tumatir ba ya jira, ya ce, "Kowane inji, Yallaɓai?"

"Kowanne!"

"To, a fara da na kusa."

Ya ɗauki bututun gwajin, ya kara a bakin janaretan da ke ba na'urar wuta, wanda tun safe yake turnuƙe jama'a. Nan take na'ura ta ɗau kuka.

Tanimu ya ce, "Doka ce, Yallaɓai." Ya kashe janareta, na'ura ta mutu murus.

"Bismillah, yanzu a gwada tawa."