Tsutsar Ƙashi da Walimar Ƙasan Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu sha labari, Kaka!

Dalilin da ya sa tsutsar da ke zaune a kan ƙasusuwa can ƙasan teku ba ta da baki, shi zan ba ku yau.

A da, Tabawa Tsutsa ta fi kowa baki, ita ce ma mai shelar garin. Garin kuwa yunwa ta yi masa katutu, don ba abin da ke tsirowa a wannan zurfi.

Wata rana ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka, wanda ya fi giwa goma, ya tsufa ya mutu. Gawarsa ta nutse, ta dira tim a tsakiyar gari. Tanko Ƙaguwa, mai unguwa, ya ce, "Tabawa, maza zaga ki gayyato kowa, Allah ya kawo sauƙi!"

Ta ɗaura jan ɗankwalinta, ta bi gida-gida da 'ya'yanta a baya. Kun san tafiyar tsutsa. Kafin ta dawo an cinye nama tas, sai fararen ƙasusuwa.

Tanko ya shafa tumbi ya ce, "Ayya, Yaya Tabawa, wallahi mun sha'afa. Ga ƙashi nan, ko za ki lasa?"

'Ya'yanta suka fara kuka. Ta ce, "Ku yi shiru, ku hau mu huta tukuna." Suka hau wani haƙarƙari, ta kafa ƙafa don kada ruwa ya kwashe ta. Sai ƙafar ta lume, ta ji maiƙo mai daɗi yana hawo mata har ciki. Ashe ɓargo ne danƙam a cikin ƙashin!

Ta ce, "Yara, ku kafa ƙafa, ku yi bisimilla." Suka kafa, suka hau rausaya don daɗi.

Bayan wata biyu yunwa ta dawo. Tanko ya zo a rame ya ce, "Tabawa, me kuke ci haka kuke sheƙi?"

Tabawa kuwa 'yar tarbiyya ce, ba ta magana in tana cin abinci. Ta dai kaɗa masa ɗankwali, ta matsa. Ya raɓa ya tsinci ɓargon da ke zuba daga inda suka huda ƙashin, sauran gari ma suka taru, kowa ya ƙoshi.

Shekara ta zagayo, ɓargo bai ƙare ba, ita ma ba ta tanka ba, har bakin ya liƙe. Shi ya sa har yau jikokinta ke tsaye a kan ƙashi da jajayen kawuna, suna rausaya ba baki. Ba su gama cin abincin ba ne.

Ƙurunƙus, ta ƙare. Ku tashi ku wanke hannu, tuwo ya sauka.