Igiyar Gizo da Murɗin Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gizo da matarsa Ƙoƙi suke tukar igiyar rama a garinsu. Shi ya murza silin rama a cinya ya yi dama, ita ta haɗa silin ta murɗe su hagu. Igiyarsu ko raƙumi ba ya tsinka ta. Amma Gizo, sarkin cika baki, kullum mita yake: "Mace sai gaddama! In yi dama, ta yi hagu!"

Ran nan ɗan Giwa ya faɗa tsohuwar rijiya. Giwa ta ce duk wanda igiyarsa ta fito mata da ɗa, rumbun gero nasa ne. Wanda ya ɓata mata lokaci kuwa, za ta take shi.

Gizo ya ji rumbu, ya kori Ƙoƙi don kada a raba da ita. Ya murza dama, ya haɗa dama. Aka zura, aka ja, igiya ta warware sili-sili.

"Yanki ya daɗe, yamay ce ba ta jiƙu ba!" in ji shi da tsamin bakinsa.

Ya sake tukawa, ta warware. Ya ce iska ce. A ta uku ɗan Giwa ya koma ruwa tsundum, yana kiran uwarsa. Giwa ta ɗaga ƙafa bisa kan Gizo.

"Wayyo Ƙoƙi! Zo ki yi gaddamay taki!"

Ƙoƙi ta zo ta zauna kusa da shi. Ya murza dama, ta murɗe hagu, sili ya kama ɗan'uwansa gam. Ja ɗaya, sai ga ɗan Giwa a waje. Giwa ta ba Ƙoƙi rumbu.

Ƙoƙi ta tuƙa tuwo, ƙamshi ya cika gida. Gizo ya ce a ransa, ai wannan komai na faɗa akasinsa take yi. Sai ya gyara murya: "Ƙoƙi, kada ki ba ni ko loma!"

Ta ce, "To maigida, yau kam na bi maganarka." Ta sa murfi ta rufe akushi.

Kun ji, yara. Wanda yake saɓa muku ba lalle maƙiyi ba ne, wani lokaci shi ne ke riƙe da ku.

Ƙurungus kan ɗan kusu, tatsuniya ta tuƙe!