Ɗan Aiken Oga

Akwai wata ma'aikaciya a Abuja mai suna Nazeefa, ita ke kula da kwamfutoci a wata gidauniya da ke Garki mai taimaka wa marasa lafiya. Watanta biyar kacal da kama aiki.

Ƙananan asibitoci daga Durumi har Karshi sukan turo imel: ga mai ciwon ƙoda, ga mai haihuwar da ta zo da gardama, ga wanda idonsa ke neman rufewa. Kowace wasiƙa da sashen da za ta je. In ta kwana a hanya, wani ne ya kwana da ciwo.

Shugaban ofishin, Oga Abdulmajeed, ba mugu ba ne, amma fa akwai son a yaba masa. Shekaru shida baya ya je kwas ƙasar waje, ya dawo da wani ɗan ƙari da ake liƙa wa manhajar imel, wanda 'yan boko ke ce wa add-on. Aikinsa ya duba wasiƙa ya jefa ta foldar da ta dace. Duk baƙon da ya shigo sai an yi masa lacca a kai, har ma'aikata suka raɗa wa abin suna Ɗan Aiken Oga.

A bana kuwa, kuɗi sun wadata a gari. Hukumar gidauniyar ta sayo kwamfutoci sababbi fil, amma da sharaɗi: duk aikin da na'ura ke yi, a sallami mai yinsa.

Suna ɗaya Oga ya rubuta, na Madam Mabel mai kula da wasiƙu, tunda a ganinsa Ɗan Aike ke yin aikinta. Bazawara ce daga Orozo, shekarunta goma sha shida a ofishin, 'ya'ya uku a wuyanta. Ranar Juma'a zai miƙa takardar sallamar. Kowa ya sani, har ita.

Ranar Litinin Nazeefa ta fara kwashe imel zuwa sabuwar kwamfuta. Wasiƙu suka ƙaura, adireshi suka ƙaura, foldoji suka zauna daram. Sai Ɗan Aike ya ce atafau. Sabuwar manhajar ta ce ya tsufa, ba ta san da zamansa ba.

Ta nemi sabon samfurinsa, ashe masu yinsa sun daɗe da watsar da shi. Ta gwada ɗora tsohuwar manhajar a sabuwar kwamfutar, ita ma ta ƙi tashi. Ta je ta gaya wa Oga.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Nazeefa, please, ban son labari. Shekara shida abin nan bai taɓa ba ni kunya ba. Ki san yadda za ki yi kafin Juma'a."

Ta fito ranta a ɓace. Washegari ta koma tsohuwar kwamfutar, da niyyar kwafe umarnin da aka ba Ɗan Aike ko za ta sami madadinsa. Tana buɗewa sai ta ga abin da ba ta zata ba.

A kashe yake! Ga kwanan wata nan a rubuce. Shekara huɗu ke nan da manhajar ta sabunta kanta ta ajiye shi gefe. Tun ranar bai sake taɓa wasiƙa ko ɗaya ba.

To wa ke rabon?

Ta buɗe rajistar da ke nuna duk wanda ya taɓa akwatin wasiƙun. Kullum daga ƙarfe shida da kwata zuwa bakwai da rabi na safe, suna ɗaya ne ke fitowa.

Ranar Laraba Nazeefa ta yi sammako. Ta tarar da Madam Mabel ita kaɗai a ofis, tabarau a karan hanci, filas ɗin shayi a gefe, tana bin wasiƙu layi-layi.

"Mama, ashe ke ce?"

Madam Mabel ta zabura, sannan ta yi 'yar dariyar kunya. Ta ce, "Kai, 'yata, kin kama ni. Abin nan ya mutu tun tuni. Na faɗa wa Oga sau ɗaya, ya ce me na sani a kan kwamfuta, a gaban mutane fa. Shi ne na yi shiru."

"Shekara huɗu, Mama? Daga Orozo?"

"In na fita ƙarfe biyar babu go-slow. Kuma dubi wannan." Ta nuna allon da yatsa. "Sun rubuta zazzaɓi a sama, amma karanta ƙasa. Mace ce mai ciki wata takwas, ƙafa ta kumbura. Wannan ba na gobe ba ne, na yau ne."

Nazeefa ta ji idonta ya cika. Ta ce, "Wallahi gobe a taron ma'aikata zan faɗa, kowa ya ji."

Madam Mabel ta kama hannunta. "A'a, don Allah. Na san zafin a kunyata mutum a gaban jama'a. Kar ki yi masa don ni."

Yinin ranar Nazeefa ba ta da sukuni. Zuciyarta na son ta rama wa matar nan a bainar jama'a. Ga kuma tsoro, don ita ma sabuwa ce, wa ya san inda fushin Oga zai sauka? Amma in ta yi shiru, jibi an kori baiwar Allah a kan aikin da ita ce ke yinsa.

Ranar Alhamis, rabin awa kafin taro, ta shiga ofishinsa ta tura ƙofa. Ta ajiye masa takardu biyu.

"Yallaɓai, wannan ranar da add-on ɗin ya tsaya ce. Wannan kuma sunan wadda ke rabon tun daga ranar."

Ya karanta, ya tamke fuska. "Impossible! Da abin ya tsaya ai da mun gani."

"An gani, yallaɓai, sau ɗaya. Ka duba watan Afrilun bara. Kwana uku wasiƙu suka taru ba a raba ba."

"Na tuna. Matsalar network ce."

Nazeefa ta sassauta murya. "Na tambaya a sashen ma'aikata. Kwanakin da ta tafi binne mijinta ke nan. Ban da su, ko hutun shekara ba ta taɓa ɗauka ba."

Jama'a, Oga Abdulmajeed ya cire tabarau ya ajiye. Ya jingina da kujera. Can ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Na so in faɗa a taro, ita ta hana. Ta ce kar a kunyata ka."

Nan ne ya sunkuyar da kai. Ya jawo takardar sallamar daga durowa ya yayyaga ta. A taron kuwa da bakinsa ya faɗi komai, har maganar da ya yaɓa mata shekara huɗu baya, ya nemi gafararta a gaban kowa. Madam Mabel ta rufe fuska da gefen zaninta tana kuka.

Ranar Juma'a ƙarfe shida da kwata ta iso kamar kullum, ta tarar da fitila a kunne. Oga ne zaune, ya jawo kujera kusa da tata.

Ya ce, "Madam, ranar Litinin za ki tafi hutu, wata guda cur. To ki koya mini kafin nan. Wannan ta farkon, ina za ta?"

Ta gyara tabarau, ta leƙa, ta ce, "Oga, ba ka karanta har ƙasa ba. Sake karantawa."

Ya ce, "To, Madam." Ya sake karantawa.

Darasi: Duk aikin da ka ga yana tafiya sumul kamar shi ke yin kansa, bincika, akwai wani bawan Allah da ke ɗauke da shi a ɓoye. Kada girman kai ya hana ka sauraron na ƙasa da kai, kuma in za ka faɗa wa mutum gaskiya, ka bar masa mutuncinsa. Ku tura wa 'yan ofishinku, wataƙila akwai wata Madam Mabel a can da ba a taɓa ce mata sannu ba.