Hayaƙin da Sarki Jatau Ya Kora

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda birninsa ke gindin wani dutse mai tsayin gaske, inda Sarauniyar Aljanu Zarƙa'u ta kafa gadon mulkinta. Tsakanin gidajen sarautar nan biyu akwai tsohon alkawari: kowace shekara a kunna mata turare a gindin dutsen, ita kuwa ta hana aljanunta taɓa 'ya'yan birni. Gida biyu ke haɗa turaren, masu tatsar man wardi, da masu gyaran icen ƙamshi waɗanda Gwani Bukar ke shugabanta.

Sai wani boka mai romon baka, Makau, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, hayaƙi na maƙera ne da masu tuƙa tuwo. Sarki irinka, fure zalla ya dace da shi." Sarki kuwa ya hau ya zauna. Ya sa aka farfasa kowane kaskon turare, aka kori Gwani Bukar da zuriyarsa zuwa daji sai ka ce ɓarayi. Allah wadaran wannan hukunci! Tsohon da ya shekara hamsin yana turara rigunan fada, baƙin ciki ne ya kashe shi a bukka.

Ranar cika alkawari aka tuttular da tulu ɗari na ruwan wardi. Kafin hantsi iska ta kwashe ƙamshin, ko rabin dutsen bai hau ba. Da la'asar guguwa ta sauko ta sure Yarima Mujeli, ɗan sarki tilo, aka ji murya daga sama tana cewa, "Jatau, ka raina ni. In turarena bai iso cikin kwana arba'in ba, ɗanka ya zama namu har abada."

Boka Makau ya cika wandonsa da iska. Sarki ya ruɗe, ya sa aka cinna wa tarin icen ƙamshi wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gari. Muryar ta ce, "Ashe har toyi za ka yi mini."

Da abin ya kai maƙura, aka aika wa Fanna, 'yar marigayi Gwani Bukar. Ta tsaya a fada ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ubana ya rasu ko likkafaninsa ba a turara ba saboda dokarka. Ba dominka zan yi ba. Yarima bai kori kowa ba."

Ta yi tafiyar kwana uku neman icen ƙamshi, zuwa kurmin da wani ifritu ke gadi. Ya nuna mata itace biyu, ɗaya kore shar, ɗaya mai tsohon rauni, ya ce in ta zaɓi kuskure ba za ta fita ba. Ta dafa mai raunin, don ta san a baƙar zuciyar irinsa ƙamshi ke taruwa. Ifritu ya sara mata da hannunsa. Da ta dawo, ta sa masu fure suka tsinko wardi tun raɓa ba ta bushe ba, ta jiƙa icen cikin man wardin, ta rufe tukunya wata guda cur, sarki na ta safa da marwa.

A rana ta arba'in ta zuba shi a kasko. Sarki, don gaggawa, ya sunkuya zai hura wutar. Fanna ta riƙe masa hannu a gaban fadawa, ta ce, "Harshen wuta ƙona fure yake yi. Wardi ba ya hawa dutse sai ice ya goya shi, kuma a hankali ake goyo." Ta lulluɓe garwashin da toka, ta ɗora wa sarki kaskon a hannu.

Siririn hayaƙi ya miƙe sama, sanyin wardi a gaba, ɗumin ice na tallafe da shi, bai yanke ba har ƙololuwa. Sai ga Yarima yana saukowa da ƙafarsa.

Aka soke dokar, korarru suka komo gidajensu. Yarima ya nemi auren Fanna, ita kuwa ba ta amsa ba sai da ta ga an gina wa danginta sababbin kasake, sannan aka sha biki na kwana bakwai. Amma Zarƙa'u ta bar wa Yarima alama: ƙamshin hayaƙin nan bai ƙara barin jikinsa ba, ko ya yi wanka. Har ƙarshen ransa, duk sanda Sarki Jatau ya rungumi ɗansa, sai ya shaƙi ƙamshin hayaƙin da ya kora.