Shugaban Makaranta da Masarar da Ruwa Ya Ɓata

Akwai wani mutum mai suna Malam Nahum, wanda aka ba shi shugabancin wata makarantar sakandare ta kwana a bayan gari. Mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa. Da ya kama aiki sai ya tara malamai ya raba musu ayyuka. Ya ɗauki Malam Gayus ya zama mataimakinsa. Ya sa Malama Rautha ta kula da ɗakunan kwanan 'yan mata. Gonar makaranta kuwa, wadda ɗalibai suke cin tuwonta kusan rabin shekara, ya danƙa ta a hannun Malam Yunana, malamin aikin gona. Kowa ya tashi yana murna.

Amma Malam Nahum yana da wani hali. In ya ba mutum aiki, ba ya sakar masa. Malam Gayus ya tsara lokutan darussa, washegari ya tarar an canza su ba wanda ya gaya masa. Malama Rautha ta ba wata ɗaliba izini ta je ta dubo mahaifiyarta marar lafiya, sai shugaban ya aika wa maigadi kada ya buɗe mata ƙofa sai shi ya yarda.

Wata rana da damina ciyawa ta ci ƙarfin gyaɗa, Malam Yunana ya kwashi 'yan ajinsa suka tafi cira. Shugaban ya bi su har gona, ya tambaye shi a gaban ɗalibai wa ya ba shi izini. Malam Yunana ya ba da haƙuri, ya mayar da yara aji.

Ba mugunta ce ta sa Malam Nahum yake haka ba. Gani yake in wani abu ya lalace, shi za a tambaya, don haka gara kome ya bi ta hannunsa. Sannu a hankali malamai suka daina yanke shawara. Ko alli ya ƙare, ko fanfo ya lalace, sai a je a tsaya a ƙofar ofishinsa. Yakan koma gida a gajiye, ya ce wa matarsa Allah ya haɗa shi da malaman da ba sa iya ɗaga tsinke sai an ce su ɗaga.

A shekarar nan masara ta yi albarka. Aka karya, aka sussuke, aka shanya a filin da ɗalibai suke taruwa da safe. Ana cikin shanyar aka kira shugabannin makarantu taro a babban birni. Kafin ya shiga mota ya bar umarni cewa jarrabawa ta kusa, kada a fitar da kowa daga aji sai ya dawo.

Rana ta take sai hadari ya taso daga gabas, ana tsammani damina ta riga ta wuce. Malam Yunana ya ruga wurin Malam Gayus, ya roƙe shi ya buga ƙararrawa ɗalibai su fito a kwashe masara. Malam Gayus ya kira wayar shugaban, ya ji ta a kashe. Ya sake kira, ya sake. Ya ɗauki ƙararrawar ya riƙe, sa'an nan ya ajiye. Su biyun da masu dafa abinci suka shiga ɗurawa a buhuna, ɗalibai suna leƙowa ta taga. Ba su kwashe abin kirki ba ruwa ya kece. Ya wanke masara da yawa zuwa kwata, sauran ta jiƙe da laka. Kwanakin da suka biyo baya rana ba ta fito sosai ba, har wadda aka tsince ta yi fumfuna.

Malam Nahum ya dawo da yammacin ranar da aka yi ruwan, ya tsaya a bakin filin yana kallon wahalar shekara guda a cikin taɓo. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya kira su biyun, ya tambaye su yadda makaranta cike da hannuwa za ta bar abincinta a ruwa.

Malam Yunana ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, gonar ka ba ni, amma ba ka ba ni bakin da zan ce a yi ba."

Malam Gayus ya ce, "Ni ma na ɗauki ƙararrawar, Yallaɓai. Da na tuna abin da ya faru a gonar gyaɗa, sai na ajiye."

 Shugaban ya sallame su.

A zangon da ya biyo baya aka rage wa ɗalibai tuwo, kunun safe ya zama tsararo. Duk lokacin da ya wuce ta ɗakin cin abinci ya ga yara suna suɗe kwano, sai maganar mutanen nan biyu ta dawo masa. Ya yi ta addu'a a kan wannan. Daga baya ya tara malamai ya nemi gafarar su duka, ya ce daga ranar kowa shi ne mai magana a kan aikin da aka ba shi. Wanda ya yi daidai za a yaba masa, wanda ya yi kuskure za a zauna da shi a ɗaki a gyara, ba a gaban yara ba.

Faɗa da baki ya fi cikawa sauƙi. Ba a daɗe ba Malama Rautha ta mayar da ɗibar ruwan 'yan mata daga safe zuwa yamma. Shugaban bai so haka ba, har ya miƙe zai aika a soke, sai ya koma ya zauna. Ya kira ta ita kaɗai ya faɗa mata ra'ayinsa. Ta ce ƙananan yara ne suke makara zuwa aji saboda layin fanfo. Ya ce mata to, aikinta ne, ta gwada. Tsarin bai tafi daidai duka ba, gama ya ci lokacin karatun yamma. Ita da kanta ta gano haka, ta gyara, ba wanda ya sa ta. Ranar nan Malam Nahum ya koma gida da wuri, ya ci abinci tare da iyalinsa.

To, ma'anar wannan misali ga mu masu ji ita ce, Allah bai tara dukan baiwa a hannun mutum ɗaya ba. Masarar nan ita ce amanar da ya ba mu: 'ya'yanmu, ɗalibanmu, jama'ar ikilisiya. Hadarin kuwa shi ne ranar da bukata za ta taso shugaba ba ya nan, kuma babu shugaban da ranar nan ba za ta zo masa ba. Wanda ya raba aiki ya hana iko bai raba kome ba, suna kawai ya raba. Haka kuma, wanda aka kunyata shi don ya yi abu da kansa, gobe zai tsaya yana kallo ko da yana da ikon ceto.

Saboda haka, kai shugaban makaranta, kai dattijon ikilisiya, ke shugabar zumuntar mata, kai maigida, ka tambayi kanka yau. Mutanen da ka ba aiki, in ba ka nan, za su iya yin abin da yake daidai ba tare da tsoronka ba? In amsar a'a ce, kada ka fara da tsawata musu. Ka fara da zuciyarka, ka roƙi Ubangiji ya ba ka tawali'un da za ka amince da ɗan'uwanka, gama shi ma Ubangiji ya amince da kai alhali ya san kana kuskure.