Yadda Suga Ya Shigo Gidan Sukari

"Dalilin da ya sa abu guda ke da suna biyu, sukari da suga, duk ƙasar nan ni kaɗai na sani," in ji Kawu Ɗanliti, yana gyara zama a tabarma, yara sun kewaye shi. "A gidanmu aka yi abin, kuma ni ban iya ƙarya ba."

Ya ce a da can suna ɗaya ne. Larabawa suka ɗoro sukari a raƙumi suka kawo mana da sunansa. Turawa kuwa ta jirgin ruwa suka ɗauki nasu, harshensu ya gutsure sunan ya koma suga.

To, kakansa mutum ne mai daɗin baki, har aka laƙaba masa Sukari, sunan yanka ya ɓace. Matarsa Kande koko take sayarwa, ga ta da kunya, ko da wuƙa a wuya ba ta faɗin sunan miji. In ta je wurin mai tireda sai ta sunkuyar da kai ta ce, "A ba ni mai sunan maigida."

Wata rana aka samu baƙon mai tireda. Ya dubi fuskarta a murtuke, ya auno mata gishiri. Masu shan koko suka kurɓa suka tofar, suka koma wurin maƙwabciya. Ko ta yi rashin kunya, ko tukunya ta kwana cike.

Ana nan sai ga kukun wani Bature. Ya ce, "Uwar ɗakina, ina da wani sunan da ba na mijin kowa ba. Ludayi biyu na koko kullum, na ba ki."

"Ɗaya," in ji Kande.

"Da ƙosai."

"Na saya."

Ya raɗa mata: suga.

"Shi ya sa har yau," in ji Kawu, "masu kunya ke cewa suga, mu kuma jinin gidan mu ce sukari."

Sai aka ji tari daga bayan zana. Ashe tsohuwarsa, Iya Tabawa, tana nan tana tankaɗe.

"Ɗanliti, ubana kake wa sharri? Barkono ake ce masa don masifa. Uwata kuwa tun daga zaure take ƙwala masa kira da sunan yanka."

Kawu ya dubi sama. "Kai, yau hadari zai haɗo."

"A watan azumin bana, da rani tsaka?" in ji Iya. Yara suka kwashe da dariya.